Gwangwani Goma Sha Bakwai na Kassimu Magini

Ranar wata Juma'a da zafi ya kai zafi, Kassimu magini ya makara bai samu cikin masallacin unguwar Ammariyya ba, sai ya bi sahun waje, can baranda inda babu kafet sai tayil. Liman ya yi kabbara aka tafi ruku'u. Kassimu na sunkuyawa aljihun rigarsa ya ce ɓarr, ya yage daga gindi. Abin da ke ciki ya zubo ƙasa. Duwatsu ne ƙanana ƙanana, sun fi ashirin, suka watse a kan tayil ƙwal-ƙwal-ƙwal, wasu suna gangarawa har sahu na uku. Babu wanda ya isa ya waiga, ana salla. Aka tafi sujada, maƙwabcinsa Rafi'u, Bahaushen Sudan da bakinsa ba ya hutu, ya ɗora gwiwa a kan ɗaya mai tsini. Duk barandar nan an ji "wash!" ɗin da ya yi.

Ana sallamewa mutane suka shiga tsinto duwatsu suna miƙo wa Kassimu, wannan ya ba shi ɗaya, wancan biyu, shi kuwa ya tara gaban rigarsa yana karɓa, kansa a ƙasa, gumi na bin sajensa. Rafi'u yana murza gwiwa ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Alhaji, jifan Shaiɗan a Mina ake yi, shi ma sai da Hajji. Mu bayin Allah me muka yi maka?"

Aka kwashe da dariya. Wani tsohon Bayamane ya juya nasa dutsen a tafin hannu, ya ga a murɗe yake kamar katantanwa, ya ce da Larabci, "Esh hada?" wato mene ne wannan.

Da wani ne da ya karɓe abinsa ya sulale. Kassimu kuwa nan take kunya ta sake shi. Ya riƙo hannun tsohon ya shiga yi masa bayani da Larabcin magina, cewa wannan abin da rai gare shi, a cikin teku yake tafiya, kuma a kan tudu ya tsince shi, inda ko ƙamshin teku ba a ji. Tsohon ya yi ta ja da baya, Kassimu ya yi ta binsa har wajen takalma.

Abin da mutanen masallaci ba su sani ba, ba don sha'awa yake yawo da duwatsun nan a aljihu ba. A makon nan aka buga masa takardar fita ta ƙarshe. Kwana sittin suka rage masa a ƙasar Larabawan nan, a ɗakinsa kuma akwai gwangwanin madara manya guda goma sha bakwai cike da irin waɗannan duwatsu, tarin shekara talatin. Neman wanda zai karɓe su yake yi, samfur ne ya zuba a aljihu, duk wanda ya tsaya masa ya nuna masa.

Kassimu mutumin Adar ne, can ƙasar Tawa ta Nijar. Ya zo aikin Hajji yana saurayi, ƙafarsa ta ƙi komawa gida. Ya yi dako a tashar jirgin ruwa, ya yi wankin mota, ya yi leburanci, har wani tsohon magini ya lura yaron nan ba ya iya zama wuri ɗaya minti biyar, ya ce gara a ba shi aikin da ake hawa da sauka. Shi ya koya masa ginin tsofaffin gidajen Balad, tsohuwar unguwar garin, ya kuma samo masa kafili, ɗan ƙasa mai tsaya masa, aka yi masa iƙama, wato takardar zama. Rashin zaman nan har tsufa bai bar shi ba. Mu da muke gidan haya ɗaya da shi ba mu taɓa ganin ya shanye shayi a zaune ba. Zai kurɓa sau biyu ya miƙe, ya leƙa taga, ya taɓa bango, ya dawo ya ce shayin ya huce.

Gidajen Balad da dutsen mangabi aka gina su, wanda mutanen da suke yankowa daga bakin teku. Fari ne, mara nauyi sosai, duk ramuka. Wata rana Kassimu yana sassaƙar wani da kurfi sai ya rabe biyu, ga wata ƙumba kwance a ciki, da layukanta tsaf, ta zama dutse. Ya tsaya yana kallonta har kwaɓinsa ya bushe. Abin da ya tsayar da shi, ya san ta. Yana ƙarami a kan tsaunukan Adar irinta suke tsinta suna dara da su, a ƙasar da jakai ke yin rabin yini kafin su kai rijiya. To me ya kai abin teku can? Tambayar nan ita ta shiga kansa ta ƙi fita. Ya sa ƙumbar a aljihu. Daga ranar aljihunsa bai sake yin sauƙi ba.

Shekaru kaɗan bayan haka ya je Haraj, kasuwar tsofaffin kaya, neman fanka. Bai sayo fankar ba. Littafi ya dawo da shi, na Turanci, babu bango, farkonsa ya ɓace, gefensa ɓeraye sun ɗanɗana. Amma ciki duk zane ne na hannu: katantanwa iri iri, haƙora, ƙasusuwa a jere, har da ƙumbarsa sak. A tsakiya kuma ga hoton wani tsohon Bature mai saje har kafaɗa, ya rungume wani ƙashi da ya kai tsawon cinyarsa, ya ɗaure fuska kamar an ce za a ƙwace.

Kassimu karatun allo kawai ya yi, sai ɗan Faransancin tasha. Ya kai wa Zaharaddeen tela, Bakanon da ke da shago a ƙasan gidanmu, wanda ya yi sakandare. Kullum bayan la'asar Zaharaddeen zai tsayar da keke ya karanta shafi biyu, ya fassara abin da ya gane, abin da bai gane ba ya cike da nasa. Littafin tarihin Baturen nan ne. A Ingila ya yi zamani, lokacin Sarauniya Biktoriya. An sa shi koyon aikin likita ya watsar, ya koma bin gaɓar teku da guduma, duk ranar da aka yi hadari gaɓa ta zube shi ne na farko a wurin. Wai a ba shi ƙashi ɗaya, ya gaya maka girman dabbar da abin da take ci. Ya yi faɗa da abokan sana'arsa har ba sa gaisawa. Sunansa kuwa Zaharaddeen ya faɗe shi sau uku, kowanne da irin nasa, babu wanda ya riƙe, aka bar shi a Mai Saje.

"Matarshi ta yi magana?" in ji Kassimu.

"Ta yi mana. Ga shi nan, wai ya ajiye kan wata dabba a falo wata shida, baƙi suka daina zuwa."

"Bon. Ashe abin duk duniya ne."

Abu biyu Kassimu ya ɗauka daga Mai Saje. Na farko, dutsen da ba a rubuta inda aka same shi ba, tsakuwa ne kawai. Sai ya shiga yankan takardar buhun siminti ƙanana, yana rubutawa da ajami: wuri kaza, a ƙarƙashin jar ƙasa kamu kaza, shekarar da abu kaza ya faru. Ya naɗe kowane dutse da takardarsa a ƙyallen da Zaharaddeen ke zubarwa. Na biyu shi ne ya zame masa ciwo daga baya. A ƙarshen littafin an ce da Mai Saje ya mutu an kwashe kayansa kaf an kai wani katafaren gida, an jera cikin akwatunan gilashi, kowanne da katinsa, mutane suna shiga suna kallo. Kassimu ya sa an maimaita masa wurin nan sau huɗu.

Daga nan abin ya wuce bangon Balad. Ya ji labarin tuddan Usfan, can arewa da gari, ya fara zuwa ranar hutu. Ya bi motar masu kai ciyawa da sassafe, ya sauka a bakin hanya, ya yini yana rarrafe a gindin tudu kamar wanda allurarsa ta faɗi. Can ya samo haƙoran kifi baƙaƙe masu kaifi, da katantanwa mai girman dunƙulen hannu. In aka ce masa ai ruwan Ɗufana ne ya kawo su, sai ya ce Allah ne masani, amma shi abin da idonsa ya gani, hawa hawa suke, wani a kan wani, kowane hawa da irin mutanensa. Haka yake ce musu, mutane. "Teku ba sau ɗaya ta zo ba," in ji shi. "Ta zo ta koma, ta zo ta koma, kamar 'yan umara."

Matarsa Hadjara ta yi haƙuri iya nata. Gwangwanayen sun cinye ƙarƙashin gado, sun hau kan kabad, biyu sun shiga kicin. Sau ɗaya ne ta rama, shi ma ba da niyya ba. Akwai wani dutsen murjani da Kassimu ya fi so, faɗinsa kamar tafin hannu, duk ramuka reras kamar saƙar zuma, daga wani gidan da ya rushe ya ciro shi. Ya wanke ya shanya a taga ya tafi aiki. Hadjara ta gani, ta shafa, ta ji kaushinsa daidai. Ta gwada a dunduniyarta. Ba ta taɓa samun dutsen goge kaushi irinsa ba. Ga shi lokacin ana shirin wani biki a gidan, ta ba maƙwabciya aro, maƙwabciya ta ba ta sama, ta sama ta ba ƙanwarta. Kwana goma sha biyu Kassimu yana birkita ɗaki. Ranar da dutsen ya dawo, sumul yake kamar sabulun da ya kusa ƙarewa. Matan gidanmu kaf ƙafarsu ta yi kyau a bikin nan. Kassimu kuwa kwana uku bai ci tuwon gidansa ba, wake da gurasa ya yi ta ci a tsaye wajen Ba'afgane.

To yanzu ga shi shekara sittin da huɗu, baya ya fara ƙi. Kafilinsa ya tsufa, 'ya'yan suka ce da zarar an gama gyaran gidan da ke hannu a Balad za su rufe kamfanin. Babu mai karɓar kafalar tsoho mai ciwon baya. Aka buga takarda.

Hadjara ita murna take, shekararta goma sha ɗaya ba ta ga 'yan'uwanta ba. Ta aro sikeli ta ajiye a tsakar ɗaki. "Malam, ni da kai jaka bibbiyu jirgi ya ba mu. Na auna, na sake aunawa. Ga dabino, ga turamen mutane, ga tukwanena. Dutse kam ko na taimama ba shi da wuri."

"Hadjara, ko gwangwani uku..."

"Adar ɗin da za mu, duwatsu ne suka ƙare a can?"

Ya tafi unguwar Sharafiyya wajen masu aika kaya gida ta jirgin ruwa. Mutumin ya buɗe gwangwani ɗaya, ya warware ƙyalle, ya dubi Kassimu, ya mayar ya rufe. Ya ce firji yana ɗauka, katifa yana ɗauka, har ƙofar ƙarfe ya taɓa aikawa, amma abin da aka tono daga ƙasar mutane ba ya fita sai da takardar hukuma, shi kuma ba zai sa a tsare masa kwantena saboda katantanwa ba.

Ya tafi unguwar Mahjar wajen 'yarsa Lubabatu, wadda aka haifa a nan, take aure a nan. Hausarta rabi ce, in ta ƙare mata sai ta zarce da Larabci. Ta kawo masa ruwa, bai zauna ba.

"Ya Baba, wallah ma agdar, ba zan iya ba. Ɗaki biyu gare mu, yara huɗu. Kwana ɗaya za su fasa tilbijin da su. Ka kawo wahid, gwangwani ɗaya, in sa a saman kabad."

"Ɗaya? Wane ɗaya? Na Usfan ba ya magana sai an ajiye shi kusa da na Balad. In ka raba su mi ya rage?"

"To esh asawwi, ya Baba? Yaya zan yi?"

Ita ce dai ta yi ta latsa waya har ta samo masa wata malamar jami'a, Duktura Abir, mai koyar da ilimin duwatsu, ta kuma roƙa masa ganawa. Ranar Kassimu ya sa farar rigarsa ta Idi, ya yi hayar ƙaramar motar ɗaukar kaya, aka loda gwangwani goma sha bakwai, ya zauna a baya tare da su cikin rana don kada su kife. Littafin Mai Saje na hammatarsa.

Matar nan ta mutunta shi. Ta sa aka shimfiɗa kayan a kan dogon tebur, ta fi awa guda tana dubawa da ɗan madubi. Takardun simintin nan su suka fi ɗaukar hankalinta, ta sa ya yi ta karanta mata yana fassarawa. Ta ce ɗalibanta da yawa ba sa kiyaye abin da ya kiyaye. Kassimu ya ji kamar ya tashi sama. Yana ta satar kallon akwatunan gilashin da ke jikin bango, yana auna inda nasa za su shiga.

Daga nan ta ware guda goma sha ɗaya gefe, yawancinsu haƙora. Ta kira shi ya ammi, wato baffa, ta ce, "Waɗannan muna so, za mu rubuta sunanka a kansu. Sauran suna da kyau, amma irinsu sun cika mana ɗakin ajiya, ba mu da wuri."

Kassimu ya dubi goma sha ɗayan nan, ya dubi sauran da suka cika tebur, ɗari bakwai da wani abu. Ya buɗe littafi ya nuna mata hoton, ya ce wannan da ya mutu duka aka ɗauka, ba a zaɓa ba. Ta yi murmushi ta ce wancan zamani daban ne. Shi kuwa zuciya ta ɗebe shi. Ya ce ko duka ko babu. Ya naɗe kayansa ɗaya bayan ɗaya, har goma sha ɗayan, ya yi godiya, ya loda ya dawo.

Hadjara ta ji labari ta riƙe haɓa. "An ce za a rubuta sunanka, ka ce a'a? Malam, kai da Baturen naka wa ya fi wani taurin kai?"

Kwana huɗu yana hawa bene yana sauka. Ya shiga shagon Zaharaddeen ya fita, ya kai bakin titi ya dawo, ya buɗe gwangwani ya rufe. Rana ta biyar ya ƙulle goma sha ɗayan a hankici ya koma. Mai gadi ya ce an yi hutun ƙarshen shekara, Duktura ta yi tafiya, sai bayan wata biyu. Shi kuwa kwana goma sha tara suka rage masa.

Wata la'asar an gan shi a bakin teku da gwangwani ɗaya a kafaɗa. Ya tsaya a kan dakali ya daɗe yana kallon ruwa, masu kamun kifi suna kallonsa. Ya buɗe murfin. Ya rufe. Ya dawo da abinsa, ya haɗu da Rafi'u a ƙofar gida.

"Alhaji, ka kai su ganin gida ne? Sun gaida dangi?"

Kassimu ya wuce shi ya hau bene da gwangwaninsa, abin da bai taɓa yi ba. Har Rafi'u ya ɗan ji babu daɗi, na minti biyu.

Aiki dai bai tsaya ba. A gidan Balad ɗin nan saura bango ɗaya na hawan farko, wanda ya tsage aka sauke shi za a mayar. Irin bangon nan kauri gare shi. Ana jera sassaƙaƙƙen mangabi ta waje, a jera ta ciki, tsakiya kuma a cike da ƙananan duwatsu da kwaɓi, in an yi 'yan layuka a gitta katako a ci gaba. Da safe Kassimu yana tsaye kan tsani ya ce a miƙo masa ciko, aka ce motar ciko ba ta zo ba. Ya tsaya yana kallon ramin tsakiyar bangon, dogo, a buɗe, tun daga wannan kusurwa har waccan. Ya sauko. Ya sake hawa ya auna da kamu. Ya sauko ya tafi gida da sassarfa ko cokalin gininsa bai wanke ba.

Daga ranar kullum da gwangwani biyu yake zuwa aiki. Ba zubawa yake ba, jerawa yake. Na Usfan da ya tono daga can ƙasa su ya fara shimfiɗawa, ya bi da kwaɓi mai laushi, sannan na hawan da ke bisansu, haka haka, murjanin Balad ya bar shi sai sama. Kowane dutse kuma sai ya ninke takardarsa ya cusa a ƙarƙashinsa.

Rana ta huɗu injiniyan aikin, wani matashi Muhandis Muath, ya hau duba bango. Ya ga bakin wata takarda ya leƙo daga kwaɓi, ya zaro, ya warware. Rubutu ne da harufan Larabci, amma ko kalma ɗaya bai gane ba. Ya zaro ta biyu, ta uku. Fuskarsa ta sauya. A garin nan kowa ya san abin da ake nufi da ninkakkiyar takarda mai baƙon rubutu a cikin bangon gidan mutane, wato sihiri, kowa kuma ya san inda mai ita yake ƙarewa. Leburori suka ajiye kwanoni suka ja baya.

Muath ya kira sunansa da irin bakinsu: "Ya ammi Gasim, sauko. Mene ne wannan? Wa ka yi wa?"

Sai a lokacin Kassimu ya ga abin da idon wani. Saura kwana goma sha ɗaya ya hau jirgi, ga shi zai ja wa kansa abin da ba a fita. Ya sauko, ya karɓi takardar, ya karanta da Hausa, sannan ya juya da Larabci: "Usfan, gabas da hanya, ƙarƙashin jar ƙasa kamu biyu, shekarar da Lubabatu ta yi ƙyanda."

"Wannan fa?"

"Gidan mai ƙofa kore, bangon kicin, ranar da guduma ta faɗo mani a ƙafa."

Muath ya sa ya karanta guda tara, yana ɗauko su da kansa daga wurare daban daban. Ya kira wani lebura Bahaushen Chadi ya ce ya karanta ta goma ba tare da Kassimu ya gani ba. Leburan ya yi ta haɗa baƙi da ƙyar, ya fito da ranar da motar ciyawa ta lalace. Muhandis ya sauke numfashi, ya zauna a kan tsani, ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Ya ɗauki wani haƙori ya gwada kaifinsa a yatsa, ya ce a ina aka ce an samo wannan, Kassimu ya buɗe baki zai fara, ya ɗaga masa hannu.

"Halas, ya isa, ya ammi. Dutse dutse ne, ciko nake so, ka ci gaba. Amma takarda ko ɗaya ba za ta kwana a bangona ba. Ni na tambaye ka. Wanda zai same su bayanmu ba zai samu wanda zai tambaya ba, ƙonawa zai yi ya tara malamai."

Kassimu ya yi gardama, ya roƙa, ya ce dutse ba takarda tsakuwa ne. Muath ya ce ko dai haka ko a kwashe duka. Yini guda ya yi yana zaro takardunsa daga kwaɓin da bai gama kamawa ba, waɗanda suka yi nisa a ƙasa sai da aka ɗaga layi biyu. Ya cika leda da su. Abin da ya samu kawai, muhandis ya yarda ya ɗauki hoton kowane layi da wayarsa kafin a rufe, ya ce zai sa a fayil ɗin gidan. Ko ya sa, ko bai sa ba, Allah ya sani. Takardun dai Hadjara ta ɗora su a sikeli, allura ba ta motsa ba, ta ce su kam sa iya shiga jirgi. Gwangwanayen kuma ta wanke ta raba wa matan gida.

Saura kwana uku tafiya aka zo shafe bangon. Mutanen gidanmu suka ce sai sun je sun ga inda dukiyar Alhaji ta shiga. Muka tarar da shi a kan tsani, ya hana kowa taɓawa, shi da kansa yake shafa farar ƙasa, yana yi yana saukowa ya ja baya ya duba ya sake hawa. Rabin bangon ya riga ya yi fari fat, babu alamar komai. Rafi'u ya kifa bokiti ya zauna, ya ciro ƙullin 'ya'yan kankana soyayyu daga aljihu, yana ɓarewa da haƙori yana tofar da ɓawon a gabansa.

"Alhaji, ni fa lissafin ne ban gane ba. Shekara talatin kana kwasowa daga bango kana kaiwa ɗaki. Yanzu ka kwaso daga ɗaki ka mayar bango, ka bi da farar ƙasa ka shafe. Ba suna, ba gilashi, ba mai gani. Da ka bar su inda suke tun farko ai da ka huta, mu ma mun huta."

Kassimu bai waigo ba sai da ya gama layin da yake kai. Ya goge cokali a bakin kwano, ya leƙo daga saman tsani, ya dubi Rafi'u, ya dubi tarin ɓawon da ke tsakanin ƙafafunsa.

"Bango wanga ni na gina shi, na san kwanakinshi. Shekara ɗari da hamsin zai yi ya sake tsagewa. Ranar wani magini zai buɗe, ya ga haƙori a ƙasa, katantanwa a tsaka, murjani a bisa, ya ce lalle wani mai hankali ya bi ta nan. Kai kuwa Rafi'u, in aka tona inda ka zauna, cewa za a yi a zamanin da akwai wani irin ɓera mai girman mutum."